Yadda aka ɗaura kyamara a jikin Golf a wani ƙauyen Ringim

Wannan bayani ne kan aiki guda ɗaya da wasu samari suka yi a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, masu shirya dirama mai dogon zango suna ɗorawa a YouTube. Na ga ya kamata in rubuta shi dalla-dalla sabida yaran da ke ɗaukar bidiyo a garuruwanmu yanzu sun yi yawa, kuma kusan kowa in ya zo ɗaukar mota tana tafiya wahala ɗaya yake sha. Ni aikina tace hoto ne a kwamfuta, a Kano nake zaune, ɗan yayata ne mai riƙe musu kyamara, ta nan na shigo cikin maganar.

Fitowar ba wata mai wuya ba ce a takarda. Direban Golf na haya ya ɗauko wani dattijo daga kasuwa, suna tafe suna gardama kan kuɗin buhunan da aka loda a but. Darakta yana son hoto kala uku, fuskokinsu su biyu daga gaba ta cikin gilashi, sai kowannensu daga gefe ta taga, sai kuma motar daga waje tana keta gonaki. Kayan da suke da su: kyamarar Sony a6400 guda ɗaya, ƙaramar kyamara GoPro HERO7 Black na aro, gimbal wato abun riƙe kyamara mai ƙananan injina da ke hana ta rawa a hannu, da robar nan mai tsotse jikin mota da ake ce wa sakshin, ita ma guda ɗaya tal.

Abun da suka fara ɗaukowa yaron ya kawo min a filash, yace Kawu dan Allah a gyara mana wannan, darakta yace kwamfuta za ta iya. Da na buɗe a babban allo sai ga fuskar direba tana lanƙwashewa tana miƙewa, turakun wutar da ke bakin titi duk sun kwanta gefe guda, hoton gaba ɗaya yana rawa kamar kindirmo a ƙwarya an ɗora a bayan babur. Su a fuskar waya suka duba shi ya sa ba su ga girman ɓarnar ba. Na gaban kuwa ba ma a ganin mutane, sararin sama ne da rassan darbejiya suke wucewa a jikin gilashin, sautin kuma iska ce kawai ke buuu. Nace masa babu manhajar da za ta gyara wannan, sai dai a sake ɗauka.

Dalilin lanƙwasar shi ne, sensa ɗin yawancin kyamarorin yanzu har da na waya ba ya kama hoton lokaci ɗaya, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa cikin sauri, toh in kyamara ta motsa kafin ya kai ƙasa sai saman hoton ya fito a wuri ɗaya ƙasansa a wani wurin. a6400 tun fitowarta a 2019 an san ta da wannan matsalar in an sa ta a 4K, wato saitin hoto mafi kaifi, kuma ba ta da abun rage girgiza a cikin jikinta. Amma laifin ba na kyamarar kaɗai ba ne. Girgizar mota iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su su nema musu magani ɗaya. Akwai ƙarama mai sauri, kakkarwar inji da gargadar burji, wadda in ka dafa bonet za ka ji ta a tafin hannu. Akwai babba, ta rami da tudu da taka birki. Ƙaramar ce ke narkar da hoto, babbar kuwa jijjiga shi kawai take yi, kuma ita in ba ta yi yawa ba mai kallo ma so yake ya gan ta don ita ke nuna masa mota tafiya take da gaske.

Su yadda suka ɗaura, sakshin ɗaya suka manna a bonet, suka sa dogon hannu kusan kamu guda, suka ɗora kyamarar mai nauyi a can ƙarshensa. Kaga duk 'yar kakkarwar da ta taɓa gindin hannun kafin ta kai ƙarshe ta ninka. GoPro kuma da aka mayar da sakshin ɗin jikin ƙofa don hoton gefe, faɗowa ya yi ana cikin tafiya. Da na je na shafa ƙofar na gane dalili, motar ta sha zuwa wajen fanel bita, ƙofar duk foti ce aka fesa fenti a kai, kaushi-kaushi za ka ji in ka shafa. Sakshin da rashin iska take riƙewa, in akwai ƙura ko kaushi iska na satar shiga a hankali har ta saki, ga zafin bazara da ke sa roba laushi, kuma babu ko igiya da aka ɗaura masa. Allah ya rufa asiri a yashi ya faɗa, murfin gilashin gaban ne kawai ya karce, shi kuma na HERO7 Black murɗe shi ake a cire a sa sabo. Da HERO8 ne, wanda nasa a manne yake, da an yi rigima da mai shi.

Mai motar, dattijo ne direban gaske da ya daɗe yana bin hanyar Kano zuwa Haɗeja, shi ya kawo shawarar da na san kowa zai kawo. Yace Malam ai da an yanko soson katifa an shimfiɗa a ƙarƙashinta ta huta. Nace Baba soso shi zai ƙara mata rawa. In mutanen da kake ɗauka a cikin motar suke, so kake kyamara da motar su zama jiki ɗaya, in mota ta yi sama kyamara ta yi sama tare da ita, kujera da mutumin da ke kai ma haka, sai fuska ta tsaya cak a hoto duniya ce kawai ke motsi ta taga. Soso kuwa raba su yake, mota ta yi nata motsi kyamara ta yi nata daga baya. Bai yarda ba sai da aka gwada masa a tsaye inji na aiki, aka ɗora kofin ruwa a kan soso aka ɗora wani a kan ƙarfe, aka ɗan jijjiga motar ya ga wanda ya fi tangaɗi.

Sai muka tafi wajen mai walda a cikin Ringim. Abun da aka haɗa ba wani abun mamaki ba ne, bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu guda biyu a kwance a faɗin bonet, faranti mai kauri a tsakiya, duk inda ƙarfe zai taɓa fenti aka naɗe da robar tsohon tif, siririya ba mai laushi ba, don kar ya zame ko ya kankare mota. Aka ɗaure da bel ɗin nan na masu lodin kaya mai ƙarfen ja, ƙugiyoyinsa a bakin ƙarfen saman taya hagu da dama, aka ja har sai da in ka girgiza farantin motar ce ke motsi. Kyamara ta zauna kai tsaye a kan farantin ba dogon wuya. Daga samanta kuma, wajen da ake sa fitila, aka sa ɗan sanda ya tafi zuwa sakshin ɗin da aka manna a gilashin gaba can gefe inda hoto ba ya kamawa, gilashi ya fi fenti riƙe sakshin nesa ba kusa ba in an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma an bari ya bushe. Riƙo daga ƙasa kawai yana barin kan kyamara ya dinga gyaɗawa, in an tokare ta daga sama shikenan ta daina. Bayan duk wannan aka ƙara igiya daban daga jikin kyamara zuwa gindin bonet, gajera, yadda ko komai ya kwance ba za ta kai ƙasa ko ta daki gilashi ba.

Wani ɗan abu da ya kusa jawo asara, ramin da ke ƙarƙashin kyamara. Mai waldan ya ɗauko noti irin na babur mai milimita 6 yana gwadawa, ya shiga zagaye ɗaya da rabi ya tsaya, yace bari ya sa sifana. Yaron yace Oga tsaya dan Allah. Ramin nan awon inci ne, kwatan inci mai zare 20 a kowane inci, kusan girmansu ɗaya da mai milimita 6 amma zaren daban ne, in aka matsa ya cinye zaren kyamarar ba ta ƙara zama a kan kowace ƙafa. A ƙarshe daga kan wata tsohuwar ƙafar kyamara da ta karye aka cire na asali aka sa a farantin.

Saitin kyamara kuma kusan komai aka cire daga otomatik. Aka sauko daga 4K zuwa 1080, hoton ya ɗan rage kaifi amma lanƙwasar ta ragu sosai, kuma masu kallonsu a waya suke kallo. Firem 25 a daƙiƙa, shota wato tsawon lokacin da kowane firem ke shan haske 1/50 na daƙiƙa, da baƙin gilashin ND mai rage haske a gaba sabida ranar Jigawa ba ta barin ka sauko da shota haka kawai. Lens mai faɗi, don duk yadda ka jawo hoto kusa haka girgiza ke ƙara fitowa. Abun rage girgiza na cikin lens aka kashe shi, in kyamara na ɗaure tam shi yake ƙoƙarin gyara motsin da ba a son a gyara sai ka ga ƙofar mota na iyo a gefen hoto. HyperSmooth, abun rage girgiza na GoPro, wanda ya fara fitowa da wannan HERO7 Black ɗin a 2018, shi ma aka kashe a hoton gefe bisa wannan dalilin. Fokas aka saita da hannu a kan fuska aka naɗe zoben da salatif, in ba haka ba sai ya dinga kama ƙurar jikin gilashi. Haske da launi ma aka kulle, don hanyar akwai layin bishiyoyi, duk inuwar da aka shiga kyamara sai ta buɗe a fito ta rufe, fuska na haske tana duhu.

Ƙyallin gilashin gaba shi ya fi cin lokaci. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a lens ana murzawa, folaraiza, kana juya shi kana kallo har ka ga sararin sama ya dushe fuskoki sun fito. Yana aiki amma ba ya kashewa duka, kuma yana cin haske, ga cikin mota dama ya fi waje duhu. Sai aka ƙara da baƙin yadi aka ɗaure a kariyar sama ya ɗan zazzago ya yi wa gilashin rumfa, aka shimfiɗa wani a kan dashbod, aka ɗora farin kwali a cinyar 'yan wasan yana mayar musu da haske fuska. Da rana tsaka ba a ma gwada ba, da hantsi aka yi da kuma bayan la'asar.

Yanzu maganar sarrafawa, wato waye zai danna waye zai gani tunda kyamara na waje mutane na ciki. Da farko da manhajar waya suke yi. Wasunsu sun ɗauka rashin sabis a ƙauyen ne ke yanke hoton, har ana cewa a sa data, alhali kyamarar ce ke yin Wi-Fi ɗinta da kanta tsakaninta da waya, ba ruwanta da layi. Matsalar ita ce nisansa kaɗan ne, darakta yana wata motar a baya, da an ɗan ba da tazara ya yanke, kuma ko bai yanke ba hoton a makare yake zuwa, sai ɗan wasa ya gama magana kake ganin bakinsa na motsi. Ga cin batir ga ƙara wa kyamara zafi. Abun da ya yi aiki waya ce ta HDMI, aka jawo ta daga kyamara ta bi gefen bonet da salatif ta shiga ta tagar baya zuwa ƙaramin monita, darakta ya kwanta a ƙasan kujerar baya an lulluɓe shi da buhu yana kallo yana jin sauti. Bakin wayar a jikin a6400 ɗan mitsitsi ne mai saurin lalacewa, sai da aka ɗaure wayar a jikin farantin yadda ba ramin ne ke ɗaukar ja ba. Dannawa kuwa ba a wahalar da kai ba, a danna kafin mota ta tashi, a tafa hannu a gaban lens don haɗa sauti daga baya, a bar ta tana ɗauka har a tsaya. Katin ajiya ya fi lokacin mutane araha.

Zafi ya kashe kyamarar a tsakiyar ɗauka kafin a gano akwai wani saiti a cikinta da ke ɗaga matakin zafin da take mutuwa a kai. Ko da shi ɗin, baƙar kyamara a kan ƙarfen bonet inji na ƙasa rana na sama a watan Afrilu, dole da an tsaya a yafa mata farin ƙyalle a buɗe ƙofar batir ta sha iska. GoPro cire masa batir aka yi aka jona shi da fawa bank, ya rage ɗumi.

Inda na fi tsayawa na dage shi ne tuƙi. Yaron da ya fito a direba ya iya mota, amma ga kyamara da ƙarfe sun tare masa rabin gilashi, ga yadi a sama, ga zance da zai haddace yana juyowa yana nuna dattijo da yatsa, a hanyar da akuya ko amalanke ko ɗan acaɓa zai iya faɗowa daga cikin gona ba sallama. Manyan kamfanonin fim galibi ba sa barin jarumi ya yi tuƙi yana wasa, ɗora motar suke a kan tirela mai ƙasa-ƙasa a ja ta. Mu sai aka ja Golf ɗin da Hilux ɗin wani ɗan uwan furodusa, da sandar ƙarfe ba igiya ba, dattijon direban shi ke jan Hilux. Aka kashe injin Golf, nan take kakkarwar inji ta tafi sautin magana ya fito tas, makirfo ƙanana a cikin riga, tagogin da ba a ɗauka ta cikinsu a rufe. Amma a sani in inji a kashe yake birki yana yin tauri bayan taku ɗaya ko biyu, shi ya sa igiya ba ta yi ba, kuma dole makulli ya zama a murɗe kar sitiyari ya kulle ana cikin tafiya. Gudun bai wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa ba, darakta ya yi ta ƙorafin zai fito a sanyaye, da ya gani a monita ya yi shiru, lens mai faɗi da bishiyoyi kusa da hanya suna sa ƙaramin gudu ya yi kama da babba. Mai faci ma ya ɗan rage iskar tayoyin, kaɗan dai, ya taimaka wa shakazoban da suka riga suka gaji.

An gwada jan a burji aka ga an gudu ba a tsira ba, ƙurar Hilux duk a kan kyamara da gilashi take sauka. Dole aka mayar da duk hoton magana kan wata 'yar kwalta da ta ratse daga babban titi, aka kauce wa Lahadi sabida kasuwar Gujungu, ranar motoci da babura ba sa yankewa a yankin. Kafin nan an je an gaida dagaci, ranka ya daɗe ga abun da ya kawo mu, shi ya ba da samari biyu suka tsaya farko da ƙarshen hanyar suna tare yara, don yara su ne babban haɗarin, da sun ga kyamara sai su biyo mota da gudu. Ya kuma ja kunne kar a ɗauki matan da ke dawowa daga rijiya ko gona. Tsakanin motocin biyu babu oba-oba kuma kiran waya na yankewa, sai aka yi da hon, ɗaya a tashi, biyu a tsaya.

Hoton waje shi ne wanda dokarsa ta juya. Nan motar da kyamara ke kai ba ta cikin hoto, don haka so ake a raba kyamara da jikinta. A ƙasashen waje akwai dogon hannu da ake ɗorawa a rufin mota ana juya shi daga ciki, aikin wani injiniya ɗan Yukren, Anatoliy Kokush, wanda ya samu lambar Oscar ta fasaha a 2006, da ana ce masa Russian Arm sai a 2022 aka mayar da sunan U-Crane. Namu hannun na ɗan yayata ne. Ya zauna a bayan Hilux a kan katifa, nan ne soson Baba ya yi rana, an ɗaure ƙugunsa da bel a jikin ƙarfen bayan kai, gimbal a hannu gwiwar hannu a sake, Hilux a gaba ko a gefe Golf na bi da direban gaske a ciki sanye da hular ɗan wasan. Gimbal juyi yake gyarawa, hagu da dama, sama da ƙasa na kai, da karkata, amma in rami ya ɗaga mutum gaba ɗaya ba abun da zai iya, kuma in iska ta yi ƙarfi tana fin ƙananan injinansa ƙarfi sai ya saki. Wani yaro ya so a ɗaure iPhone ɗinsa a kan babur a bi motar, aka hana, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa kakkarwar injin babur na iya lalata abun rage girgiza da fokas na kyamarar wayar.

Da aka kawo min sabon ɗaukan, na gaba da na gefe sun fito tsaf ban taɓa su ba sai gyaran launi. Na wajen a kan burji rabi ya yi rabi bai yi ba, inda Hilux ya shiga gargada hoton na tsalle, na gwada Warp Stabilizer, abun rage girgiza na manhajar tace bidiyo ta Premiere, ya ƙara murɗe gonakin, sai na cire na yanka gajeru-gajeru na daƙiƙa biyu zuwa uku daga wuraren da suka yi kyau. Abun da babu wanda ya lura da shi a lokeshan, hanyar gajera ce ana zuwa ana dawowa, an ɗauki gefen direba ana tafiya gabas aka ɗauki gefen dattijo ana dawowa yamma, da na haɗa sai rana ta dinga sauya ɓangare a tsakiyar gardama kuma wata kuka guda ɗaya ta wuce ta taga sau uku. Darakta yace a bar shi haka ba kuɗin man komawa. Na rage kukar zuwa sau biyu, ranar kuwa ba yadda zan yi da ita, haka aka ɗora shirin.